Takardar Lafiyar Gas a Gidajen Haya: Ko Ta Dace da Yola da Jimeta?

Takardar lafiyar gas rubutacciyar shaida ce da ƙwararren ma'aikaci ke sa wa hannu bayan ya duba murhu da bututu da mafitar hayaƙi na gida, ya tabbatar babu yoyo, kuma wuta na ci yadda ya kamata. A Birtaniya doka ta ɗora wa mai ba da gida haya nauyin samo wannan takarda kowace shekara. A Yola da Jimeta kuwa, abin da aka saba shi ne a biya kuɗin shekara, a rubuta rasit, a miƙa makulli, ba a ta da zancen gas ba, alhali tukunyar gas tana cikin kayan da ɗan haya ke fara saukewa daga Keke Napep ranar tarewa. Muhawarar ita ce ko ya kamata a wajabta wa masu gidajen haya na waɗannan garuruwa biyu irin wannan takarda. Kafin a auna hujjojin kowane ɓangare, sai an san inda dokar ta samo asali da kuma irin gas ɗin da ake girki da shi a Adamawa.

Asalin dokar a Birtaniya

Ranar 16 ga Mayu 1968 gas ya fashe a hawa na 18 na wani dogon bene mai suna Ronan Point a gabashin Landan. Kusurwa guda ta ginin ta rufta, mutum huɗu suka rasu. Bayan wannan haɗari, a 1970 aka kafa hukumar CORGI domin yi wa masu aikin haɗa gas rajista, a 1991 rajistar ta zama dole, a 2009 kuma Gas Safe Register ta karɓi aikin. Dokar da ke aiki kan masu gidajen haya ita ce ta 1998. Ta ce a duba kayan gas da mafitar hayaƙinsu duk wata goma sha biyu, kuma ma'aikaci mai rajista kaɗai zai yi dubawar. Ana ba ɗan hayan da ke ciki kwafin takardar kafin kwana 28 su cika, sabon ɗan haya kuma a ba shi kafin ya tare, mai gida ya adana tasa har shekara biyu.

Abubuwa biyu game da wannan doka suna da muhimmanci ga muhawarar. Na farko, yawancin gidajen can ta bututu gas ke shigo musu, kuma babban abin da ke cinsa shi ne injin ɗumama ɗaki da ruwa wanda ke kafe a bango, mallakin mai gida. Na biyu, dubawar shekara-shekara ta shafi kayan da mai gida ya samar ne. Murhun da ɗan haya ya sayo da kuɗinsa ba ya cikin wannan nauyi.

Gas a gidajen hayar Yola da Jimeta

Babu bututun da ke kai gas gidaje a Adamawa. Abin da ake amfani da shi gas ne da aka matse ya zama ruwa, ana ɗura shi a tukwane masu cin kilo 3 ko 6 ko 12.5, manya kuma har kilo 50. Wannan gas ya fi iska nauyi, don haka idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, ya taru a lungu da ƙarƙashin gado da bakin magudana. Idan ya kai kimanin kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari na iskar ɗaki, ƙyastin ashana ko tartsatsin makunnin lantarki ya isa ya tayar da shi. Ruwan gas lita ɗaya yana zama iska kimanin lita 250. Asalinsa ba shi da wari. Da gangan ake zuba masa sinadari mai ɗoyi domin hanci ya gane yoyo. Ba a cika tukunya maƙil, ana barin kusan kashi ɗaya cikin biyar fanko saboda ruwan na kumbura da zafi, kuma wannan ƙa'ida tana da nauyi a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu.

Tun da Yola ta zama hedikwatar Jihar Gongola a 1976, daga baya ta Adamawa a 1991, Jimeta ke cika da ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai waɗanda ba su da gidan gado a garin. A 2014, bayan Boko Haram ta kama Mubi, dubban mutane sun gudo Yola, wasunsu kuma sun zauna ke nan. Unguwanni irin su Jambutu, Doubeli, Luggere, Nasarawo da Demsawo suna da gidajen haya masu ɗakuna a jere, a Karewa da Bekaji akwai gidaje masu zaman kansu, a Sangere kuma ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama ke kama ɗakuna. A 2016 aka janye tallafin kananzir, risho ya fara fita daga kicin, a 2021 kuma gwamnatin tarayya ta ayyana shekaru goma na bunƙasa gas. Ta haka tukunya ta shiga ɗakunan da aka gina su ba da tunaninta ba.

Hukumomin da ke lura da harkar na tarayya ne. NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa a madadin DPR, ita ke ba tashoshin gas da dillalai lasisi. Hukumar SON ke kula da ingancin tukwane, kuma ƙa'idarta ita ce a sake gwada tukunya duk shekara biyar, a daina aiki da ita bayan shekara goma sha biyar. Aikin waɗannan hukumomi ya fi ƙarfi a tasha da kasuwa. Daga ƙofar gida zuwa bakin murhu, sai abin da mai gida da ɗan haya suka ga dama.

Hujjojin masu goyon baya

Hujja ta farko ita ce haɗarin gas ba ya tsayawa kan mai tukunya. A gidan haya mai ɗaki takwas ko goma, rufin kwano ɗaya ne, silin a haɗe yake, ƙofar fita ɗaya ce, tagogi kuma duk an yi musu ƙarfen hana ɓarayi. Wutar da ta tashi a ɗaki na uku za ta iske jaririn da ke barci a ɗaki na huɗu, wanda iyayensa ƙila da gawayi suke girki. Abin da ya faru a Sabon Tasha, Kaduna, ranar 4 ga Janairu 2020 misali ne: gas ya fashe a wani shagon sayar da shi, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya, wanda ke wani shagon aski a kusa. A gidan haya, mutum ɗaya ne ke da iko a kan dukan ginin, shi ne mai gida, kuma shi ke yanke shawarar ko shagon da ke jikin ɗakunan kwana za a ba mai ɗura gas.

Hujja ta biyu ita ce rabin haɗarin a jikin ginin yake. Kicin marar taga, ko mai taga can sama kusa da silin alhali gas ƙasa yake kwanciya, ko soket ɗin lantarki da aka kafa daf da inda murhu zai zauna, ko gidan da ba a yi masa wurin girki ba sam har ya zama dole a yi girki a ɗakin kwana, duk waɗannan aikin magini ne da mai gida. Ɗan haya ba shi da izinin fasa bango. Rashin iska kuma yana kawo wata cutar da ba a gani: wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da kabon monoksayid, iska mai guba marar launi marar wari, wadda ita ce ke kashe iyalan da suka kwana da janareta a kusa da ɗaki. Dubawar ƙwararre za ta gano irin wannan tun ba a yi asara ba.

Hujja ta uku ta shafi ƙarfin kowane ɓangare. Wanda ya biya kuɗin shekara a dunƙule ya riga ya miƙa wuya. Idan ya yi ƙorafi, amsar da ya fi tsoro ita ce a ce ya nemi wani wuri. Ɗalibar da ta zo daga Ganye ko Michika, wadda a gidansu da itace ake girki, ba lallai ta san cewa harshen wuta shuɗi ne alamar lafiya, rawaya mai baƙanta tukunya kuma alamar matsala ba, ko ta san ana gwada yoyo da ruwan sabulu. Doka kan shiga tsakani ne a daidai inda mai rauni ba zai iya kare kansa da bakinsa ba.

Hujja ta huɗu ita ce mai gida ma yana da riba. Gidan haya ga mutane da yawa shi ne gumin shekara talatin, kuma gobarar dare ɗaya ta isa ta cinye shi. Takarda mai kwanan wata da sa hannu za ta zame masa hujja a gaban alƙali ko jauro idan aka zo neman wanda ya yi sakaci. Bayan haka, tsoron fashewa na cikin abin da ke hana iyalai da dama barin itace da gawayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ne babban tushenta, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Duk abin da zai sa mace ta amince da gas ya rage mata shaƙar hayaƙi, ya kuma rage gatarin da ake ɗora wa dazuzzukan Adamawa.

Hujjojin masu adawa

Babbar hujjarsu ita ce a yawancin gidajen Yola da Jimeta mai gida ba shi da ko tiyo ɗaya a cikin ɗaki. Fanko yake ba da shi. Tukunya da kan da ake ɗaura mata da tiyo da murhu duk na ɗan haya ne, shi ya saya, shi zai tafi da su. Ma'aikacin da ya zo duba ɗaki kafin a tare bango huɗu zai tarar. Idan kuma ya zo bayan an tare, tukunyar da ya duba yau za ta fita ɗuri nan da mako uku, ta sha jifa a bayan keke, a ɗaura mata kai a karkace. Ko dokar Birtaniya da ake son kwaikwaya ba ta ɗora wa mai gida duba kayan ɗan haya ba. A ganinsu, kama mutum da laifin abin da ba nasa ba, wanda kuma ba ya ganinsa, zalunci ne.

Hujja ta biyu ita ce rashin masu dubawa. Birtaniya ta yi shekara 28 tana gina rajistar ma'aikata kafin dokar 1998. Idan aka wajabta takarda alhali babu isassun waɗanda suka san aikin, za ta koma hajar sayarwa, kamar yadda ake yawan kuka da takardar lafiyar mota da kan fito ba a buɗe bonet ba. Irin wannan takarda ta fi rashinta illa, domin tana sa ɗan haya ya saki jiki da abin da ba a duba ba, ta kuma buɗe wa masu neman na goro sabuwar ƙofa.

Hujja ta uku kuɗi ne. Duk abin da aka caji mai gida, a kan kuɗin haya zai fanshe. Tun bayan janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota da abinci da siminti suka yi sama, ɗan haya na biyan ladan dillali a kan kuɗin ɗaki. Masu gidajen ma ba duka attajirai ba ne. Akwai ɗan fansho mai ɗaki huɗu a bayan gidansa, akwai matar da mijinta ya rasu take ciyar da marayu da kuɗin haya, akwai gidan gado da magada goma ke raba abin da ya shigo.

Hujja ta huɗu ita ce a garin neman gira ana iya rasa ido. Mai gidan da ya ga tukunya za ta jawo masa tara zai zaɓi hanya mafi sauƙi, ya hana girki da gas a gidansa. Daga nan ɗayan biyu: ko ɗan haya ya koma gawayi, ko ya ɓoye tukunyar a ƙuryar ɗaki ya rufe ƙofa yana girki, wanda shi ne mafi munin abin da ake gudu. Akwai kuma maganar sirrin gida. A gidajen da namiji baƙo ba ya wuce zaure, shigar ma'aikaci har madafa kowace shekara abu ne da sai an yi shi da lura.

Hujja ta biyar ita ce an bar jaki ana dukan taiki. Tushen matsalar tsofaffin tukwane ne da suka wuce wa'adi, da waɗanda mai walda ya yi wa faci, da ɗurin da ya wuce kima, da juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama a bakin titi, da kai da tiyo marasa inganci. A Najeriya mai girki ne ke mallakar tukunyarsa, don haka babu kamfanin da ya damu ya gwada ta. A Garwa, can Kamaru a kan kogin Binuwai ɗin nan, tsarin musaya ake bi: a kai fanko mai tambarin kamfani a karɓo cikakkiya, kula da tukwanen kuma na kan kamfanin. Ghana ta rungumi irin wannan tsari bayan fashewar tashar gas ta Atomic Junction a Accra a watan Oktoba 2017. Masu adawa na ganin nan ya kamata a sa ƙarfi.

Auna hujjojin

Idan aka jera hujjojin, za a ga kowane ɓangare yana magana ne kan wani yanki na haɗarin. Masu adawa sun yi gaskiya game da tukunya: ba ta mai gida ba ce, kuma takardar shekara ba za ta iya bin ta zuwa wurin ɗuri ba. Masu goyon baya sun yi gaskiya game da ɗaki: iska da wurin girki da hanyar fita da abin da ake yi a shagon gaba duk a hannun mai gida suke. Kwafo dokar Birtaniya yadda take ba zai yi aiki ba, amma wannan bai wanke mai gida daga abin da ya gina da hannunsa ba.

Fiƙihun Malikiyya, wanda malaman Adamawa ke karantarwa tun zamanin Modibbo Adama, yana da abin cewa ga ɓangarorin biyu. Sanannen ra'ayi a mazhabar shi ne ba a tilasta wa mai gida yin gyara, amma idan aibin na cutarwa, ɗan haya na da zaɓin warware hayar. Masu adawa za su riƙe rabin farko. Sai dai zaɓin da aka ba ɗan haya ba ya amfani idan bai san da aibin ba, kuma ƙa'idar hana cutar da maƙwabci tana nan daram. Bayyana halin da gida yake ciki kafin a karɓi kuɗi abu ne da Musulmi da Kirista na garin ba za su yi saɓani a kansa ba.

Ta fuskar tsarin mulki ma nauyin a rabe yake. Harkar gas ta tarayya ce, amma dangantakar mai gida da ɗan haya hurumin jiha ne, kamar yadda Legas ta nuna da dokar hayarta ta 2011. Majalisar Dokokin Adamawa ba za ta yi wa tukunya doka ba, amma tana iya faɗin sharuɗɗan da ɗaki zai cika kafin a ba da shi haya.

Abin da hujjojin suka fi karkata gare shi shi ne raba nauyin gida uku. Mai sayar da gas ya ɗauki nauyin tukunya: ya ƙi ɗura wa wadda ta wuce wa'adi ko ta yi tsatsa ko aka yi wa walda, ya auna da sikeli, NMDPRA da SON su bi shi a kan haka. Ɗan haya ya ɗauki nauyin kai da tiyo da murhu, ya ajiye tukunya a tsaye nesa da rana da wuta, ya rufe ta bayan girki. Mai gida kuma ya ɗauki nauyin gini da duk kayan gas da shi ya kafa.

A wannan kaso na uku ne takarda ke da ma'ana, kuma ba kowane gida ke buƙatarta daidai ba. Inda mai gida ya sa murhu ko ya ja bututu daga tukunyar waje zuwa kicin, kamar a gidajen da ake bayarwa da kayansu da masaukan baƙi, dubawar shekara-shekara ta dace, domin yanayin ya yi kama da wanda aka yi dokar Birtaniya dominsa. A gidajen ɗalibai da gidaje masu ɗakuna da yawa, abin dubawa shi ne ginin: wurin girki a wajen ɗakin kwana, mashigar iska ta ƙasa da ta sama, hanyar fita da ba a toshe ba, abin kashe gobara a tsakar gida, wurin janareta nesa da tagogi, da tabbacin ba a ɗura gas a jikin gidan. Tun da bango ba ya canzawa duk shekara, ana iya tsawaita wa'adin wannan dubawar. Mai ɗaki biyu ko uku a gidan da shi ma yake zaune, ya isa a rubuta sharuɗɗan a takardar haya, kowa ya sa hannu.

Jerin matakan ma yana da muhimmanci. Horar da masu dubawa ya kamata ya riga tilastawa, kuma akwai inda za a fara: hukumar kashe gobara ta jiha, hukumar tsara birane, da sassan koyar da aikin injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa da Jami'ar Modibbo Adama. Kuɗin dubawa ya zama ƙayyadadde, a biya ta banki, sunayen masu lasisi su kasance a bayyane, a sa mata cikin waɗanda za a horar saboda gidajen da maza ba sa shiga. Jauro da mai unguwa, waɗanda rikicin haya kan fara zuwa gabansu kafin kotu, su ne suka san gidan da ke da ɗaki goma sha biyu da wanda ke da biyu. Idan aka bi wannan tsari, takardar za ta tsaya kan abin da mai gida ke da iko a kansa, kuma za ta fara daga gidajen da yoyon tukunya ɗaya ke iya shafar iyalai da yawa.